Kafin Ka Kira Mai Gyara: Sarrafa Tamostat a Gidan Haya a Jibia

Yawancin waɗanda aiki ko fatauci ke kawowa Jibia 'yan haya ne. Akwai ma'aikatan kwastan da na shige da fice da ake turowa shingen iyaka na Magama, akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, akwai kuma 'yan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Katsina da Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa. Wani yakan tarar da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, manne a bangon ɗakin da ya kama, wani kuma firjinsa kaɗai ya ɗauro a mota. Kowannensu dai zai gamu da bazarar da zafinta kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, da ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, da wutar KEDCO da ba kullum take zuwa a cike ba.

A irin wannan hali, da zarar ɗaki ya ƙi sanyi ko ruwan firji ya fito da ɗumi, sai ka ji an ce tamostat ya mutu ko gas ya ƙare. A ganina mafi yawan laifin da ake ɗora wa tamostat a garuruwanmu ba nasa ba ne. Zafin gari ne, ko ƙura, ko raunin wuta, ko kuwa hannun mai amfani. Ɗan hayar da ya san wannan zai tsira da kuɗinsa, ya kuma tsira da mutuncin da ke tsakaninsa da mai gida.

Aikin tamostat ɗaya ne: ya ji zafin wuri, ya kunna inji idan zafin ya wuce inda aka saita, ya kashe shi idan an kai. Kamar mai girki ce da ke iza wuta idan ta lafa, ta janye itace idan tukunya ta tafasa. Shi kansa ba ya samar da sanyi. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Amurka a bangon falo ake kafa shi don ya kula da ɗumama gida, tun bayan da wani malamin kwaleji a jihar Wisconsin, Warren Johnson, ya yi rajistar na lantarki a 1883. A nan wurinmu kuwa a cikin kayan yake ɓoye: cikin esi, cikin firji da firiza, cikin hitar banɗaki, har cikin dutsen guga, wanda wannan ɗan ƙas da kake ji yana yi aikin tamostat ne.

Esi da rimot ɗinsa

A esi mai kai biyu, wato ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, abin da ke jin zafin ɗaki wata 'yar sansa ce mai kan baƙin ɗigo, tana bayan murfin gaba inda iska ke shiga. Lambar da ke fuskar rimot ba zafin ɗakin take nunawa ba, zafin da kake nema ne. Yawancinsu daga 16 ko 17 suke farawa su tsaya a 30.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya shigo da gumi ya danna 16, yana zaton hakan zai sa sanyi ya zo da sauri. Esi na gargajiya, wanda ba inbata ba, gudu ɗaya kwamfuresansa ke yi. Ko 16 ka sa ko 25, iskar da zai huro daidai take. Bambancin kawai shi ne lokacin da zai tsaya. A watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano, ba zai taɓa kai ɗakin 16 ba, don haka ba zai taɓa hutawa ba. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi na cin yunit ɗaya ko ɗan fiye a kowace awa da kwamfuresa ke aiki. Idan mitar kati ce a gidan, kuma ku huɗu ne kuke haɗa kuɗinta, to daga wannan lambar ta 16 rigima ke tasowa. Ka saita tsakanin 24 da 26, ka kunna fankar sama ta riƙa juya iskar. Jiki zai ji daɗi, inji ya samu hutu. A Indiya, wadda zafinta bai gaza namu ba, hukumar kula da tsimin makamashi ta wajabta tun farkon 2020 cewa sababbin esi su fito daga kamfani a saite kan 24, kuma lissafinta shi ne kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage cin wuta da kimanin kashi 6 cikin ɗari.

Idan esi ya ƙi amsa rimot, ka fara da batir. Akwai gwaji mai sauƙi: ka buɗe kyamarar wayarka, ka nuna mata bakin rimot, ka danna kowane maɓalli. Ido ba ya ganin hasken da rimot ke aikawa, amma yawancin kyamarorin waya suna ganinsa yana ƙyaftawa. Idan babu haske bayan ka sa sabon batir, rimot ne ya lalace, kuma ana samun na gama-gari a shagunan kayan wuta. Kafin ka samu, ka ɗaga murfin gaban esin, galibi a ɓangaren dama akwai ƙaramin maɓalli na kunnawa da hannu.

Idan ya amsa amma babu sanyi, ka dubi alamar da ke fuskar rimot. Yara kan danna maɓallin MODE su sauya ta ba tare da kowa ya lura ba. Alamar ƙanƙara mai kama da tauraro ita ce ta sanyi. Alamar fanka iska ce kawai, kwamfuresa ba zai tashi ba ko ka kwana kana jira. Ɗigon ruwa na tsotse danshi ne, yana da amfani a Agusta lokacin da damina ta kankama jiki na danƙo, amma a bazararmu busasshiya ba shi da wani aiki. Alamar rana ta ɗumamawa ce. Yawancin esin da ake sayarwa sabo a Najeriya ba sa ɗumamawa, in an sa su a nan sai su yi tsit, amma na hannu da aka shigo da su daga ƙasashen sanyi za su huro maka zafi sosai. Idan kuma ka ga lamba irin 75 ko 61, rimot ya koma ma'aunin Amurkawa ne: 75 ɗin nan ita ce 24, 61 kuma 16.

Sai haƙurin minti uku. Duk lokacin da aka kashe esi aka sake kunnawa, ko aka ɗauke wuta aka dawo da ita, fankar ciki za ta tashi amma na waje zai yi shiru na kimanin minti uku. Da gangan aka yi shi haka, don matsin gas ya daidaita kafin kwamfuresa ya sake ɗaukar kaya. Mutane da yawa a cikin wannan jiran suke ta kashewa da kunnawa, kowace dannawa kuma tana mayar da lissafin farko.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe, wato ƙura. Bayan murfin gaba akwai raga biyu na roba da ke tace iska. Kamfanoni kan ce a wanke su duk mako biyu, amma a Jibia, daga Disamba zuwa Fabrairu, ko a gidan da ke bakin titin da manyan motoci ke bi zuwa iyaka, duk mako ya fi. Idan ragar ta toshe, iska ba ta ratsa bututun sanyi yadda ya kamata, sai sanyin ya taru a cikin kan esin. Sansa ta ji sanyi a kusa da ita, ta ɗauka ɗaki ya yi, ta kashe kwamfuresa alhali kai gumi kake. Wani lokaci har ƙanƙara ta kama bututun, in ta narke ruwa ya riƙa ɗiga a bango. Duk alamun mutuwar tamostat ne a idon wanda bai sani ba, maganinsu kuwa bokitin ruwa. Ka kashe wuta daga soket, ka zare ragar, ka wanke da ruwa, ka shanya a inuwa, ka mayar bayan ta bushe. Wannan aikin ɗan haya ne, ba sai an nemi izinin kowa ba.

Ka kuma fita ka dubi na waje. Idan bayansa ya cika da ƙura, ledoji ko gashin kaji, ba zai iya fitar da zafi ba. Idan a bangon yamma aka kafa shi, rana na dukansa daga azahar zuwa la'asar sakaliya, yana iya kashe kansa don kare kwamfuresa, ya dawo aiki da magariba. A jikin takardar da ke manne da shi wani lokaci za ka ga T1 ko T3. Na T1 an yi shi ne don zafin da bai wuce 43 ba, na T3 kuwa yana jurewa har 52, irin wanda ake kai wa ƙasashen Larabawa. 'Yar rumfa a samansa tana taimakawa, muddin ba a toshe masa gaba da baya ba.

Bayan duk wannan, in kana da ma'aunin zafi, ka bar esin ya yi minti goma sha biyar yana aiki, ka auna iskar da ke shiga ta sama da wadda ke fitowa. Idan ta fitowa ta fi sanyi da digiri 8 zuwa 12, injin lafiyarsa ƙalau. Ɗakin ne ya fi ƙarfinsa, ko babu silin, ko taga na shigo da rana, ko akwai kafa a ƙasan ƙofa. Idan bambancin kaɗan ne, ko ka ga ƙanƙara a siririn bututun waje da maiƙo a mahaɗarsa, gas na yoyo. A lura, gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa da aiki. In ya ragu, akwai inda yake fita, kuma mai gyaran da ya ƙara gas bai toshe kafar ba zai dawo ya sake karɓar kuɗinka. Sansa kanta takan lalace, amma idan hakan ta faru yawancin esi kan nuna wata lamba ko su riƙa ƙyafta fitila. Ma'anar lambar ta bambanta tsakanin LG da Hisense da Panasonic, don haka ka ɗauki hotonta ka nuna wa mai gyara, kada ka yi hasashe.

Firji, da abin da ke rubuce a bayansa

Abin murɗawar da ke cikin firji mai lamba 1 zuwa 5, ko zuwa 7, ba digiri yake nunawa ba. Babbar lamba ita ce sanyi mai yawa. Abin da ake nema shi ne cikin firji ya tsaya tsakanin digiri 3 da 5, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Ka fara da tsakiya, ka sa ma'aunin zafi a kofin ruwa, ka bar shi ya kwana in wuta ta samu, sannan ka gyara da lamba ɗaya. Ga gidan da ake ajiye allurar ciwon sukari wannan ba wasa ba ne: tsakanin 2 da 8 ake ajiye ta, kuma in ta daskare ta lalace ko da ta narke daga baya. Kada a jingina ta da bangon baya ko a sa ta kusa da gidan ƙanƙara.

Kafin ka zargi tamostat, ka nemi takardar da ke manne a baya ko a cikin firjin. Akwai harafin da ke faɗin irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. N da SN iyakarsu digiri 32, ST 38, T kuma 43. Firjin beljiyom, wato na hannu, da ake sayarwa da araha, da yawansu N ne ko SN, don kicin ɗin Turai aka yi su. A ɗakin da ya kai 39 da rana, irin wannan firji zai yi ta gurnani ba tsayawa, ruwa kuma ya ƙi sanyi sosai. Ba abin da ya lalace a jikinsa, an kawo shi inda ya fi ƙarfinsa ne. Abin da za ka iya yi masa shi ne ka matsar da shi daga bango kamar tsawon tafin hannu, ka nisanta shi da risho da taga, ka goge ƙurar bayansa, ka daina cusa masa abinci da zafinsa. In kuwa sabo za ka saya, a Katsina ne ko a Maraɗi, ka nemi mai T.

Robar ƙofa ma ka gwada ta. Ka rufe ƙofar a kan takardar kuɗi, ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na zurarewa ta nan. Ƙanƙara kuma in ta yi kauri a gidan sama, ka kashe firjin ka bar ƙofa a buɗe ta narke da kanta. Kada ka sa wuƙa. Bututun gas a cikin farantin da ƙanƙarar ke kamawa yake, siririyar wayar tamostat ma a jikinsa take manne, kuma gas ɗin yawancin sababbin firji, R600a, yana kama wuta.

Yaushe ne laifin tamostat na gaskiya? Idan firji ba ya tsayawa ko da asubar hunturu, tumatir da ƙwai na daskarewa a ƙasa ko ka mayar da lamba 1, to ya maƙale a kunne, ko bakin wayarsa ya saki daga farantin. Idan kuma fitilar ciki na kamawa amma inji shiru, ka murɗa zuwa sifili ka dawo ba ka ji ƙas ba, yana iya zama ya mutu a kashe. A nan mai gyara zai haɗa wayoyin tamostat ɗin biyu na ɗan lokaci ya ga ko inji zai tashi. Gwaji ne mai kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar shi a haka, abin da suke kira haɗa shi darek. Na san dalilin masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya: wutar ta 'yan awanni ce, suna so firiza ta kwashi duk abin da ta samu. Amma kwamfuresan da ba ya hutawa a zafin Jibia kwanansa ƙidayayye ne, kuɗinsa kuma ya ninka na tamostat sau da yawa. In firjin na mai gida ne, ba ka da ikon yarda da wannan ko kaɗan.

Idan wuta ba ta cika ba

Kayan nan an yi su ne don wutar da ke tsakanin bolt 220 da 240. A ƙarshen layi, da daddare lokacin da kowa ya kunna nasa, takan faɗi ƙasa da haka sosai. Alamarta a bayyane take: ƙwan fitila ya dushe, fanka na jan ƙafa, firji ya yi gunji na 'yan daƙiƙu sannan ka ji ƙas ya yi shiru, bayan 'yan mintuna ya sake. Wannan ƙas ɗin ba na tamostat ba ne, na abin kariyar da ke jikin kwamfuresa ne, yana yanke wuta don kada waya ta ƙone. In ka ji haka, ka zare filogi har wutar ta gyaru. In kuma wuta a cike take amma yana wannan, sai a duba rile ko kafasita, aikin mai gyara ne, domin kafasita na riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Sitabilaiza mai daidai ƙarfin kayan, ko ɗan abin kariyar da ake sawa a soket mai jinkirta wuta na 'yan mintuna bayan an dawo da ita, sun fi kowane gyara araha. Ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba zai ɗauki esi ba, domin a lokacin tashi kwamfuresa na jan wuta ninkin ba ninkin abin da yake ci yana gudu. Sannan ga wani abu na mazauna iyaka: kayan da aka sayo a Nijar filoginsu mai ƙafa zagayayya ne irin na Faransa, soket ɗinmu kuwa mai baki uku ne irin na Ingila. Cusa wancan cikin wannan da tsinke yana barin haɗin a sake, ya yi zafi, ya riƙa yankewa, har ya baƙanta soket. A sa mai wuta ya canza kan filogin.

Hitar banɗaki ba ta da wuyar sha'ani. Digiri 60 ya wadatar. Kada ka kunna ta sai ka buɗe famfon ruwan zafi ka ga ruwa na zuba, domin in tankin sama ya ƙafe aka kunna ta, ƙarfen dafa ruwan zai ƙone. Ɗan bututun da ke ɗiga a gefenta hanyar rage matsi ce, kada a toshe shi. In ruwa ya fara fitowa da tururi yana tartsatsi, a kashe ta nan take daga makunni, wannan kam tamostat ne ya gaza.

Tsakaninka da mai gida

Ranar da za a ba ka makulli, kafin ka shigar da katifa, ka kunna duk abin da ka tarar a gaban mai gida ko wakilinsa. Ka ɗauki hoton esi, rimot, takardar jikinsa da lambar mita, a rubuta a takardar haya abin da ke aiki da wanda ba ya yi. Wasu na jin nauyin yin haka, musamman in mai gidan dattijo ne, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A fiƙihun haya, abin da aka ba ka amana ne a hannunka. Abin da ya lalace don tsufa ko don kansa gyaransa na mai shi ne, abin da sakacinka ko ta'adinka ya lalata kuwa naka ne, sai in kun yi wani sharaɗi tun farko. Batir, wanke raga da share na waje suna wuyanka. Sansa, kwamfuresa, yoyon gas da wayar cikin bango na mai gida ne.

In matsala ta taso, kada ka kira mai gyara ya buɗe kayan mutum sannan ka kai masa lissafi. Ka fara zuwa wurinsa da bayani a hannu: "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Esin ɗakina tun shekaranjiya na waje ba ya tashi. Na wanke raga, na sa sabon batir, wuta kuma a cike take. Ko akwai mai gyaran da kuka saba da shi, ko in nemo a yi a gaban yaronku?" Mai gidan da ya ji haka ya san ba da wasa aka riƙe masa kaya ba, kuma zai fi saurin sa hannu a aljihu. In kun yarda ka biya a cire daga kuɗin haya, a rubuta, ko da a saƙon waya ne.

Idan mai gyara ya zo, ka tsaya a kansa. Ka tambaye shi abin da ya auna kafin ya yanke hukunci, ka ce ya nuna maka inda gas ke fita in ya ce gas ne, ka kuma tabbatar irin gas ɗin da zai sa shi ne wanda ke rubuce a jikin injin, domin R22 da R410A da R32 ba a gauraya su. Duk abin da ya cire, tsohon tamostat ne ko kafasita, ka karɓa ka kai wa mai gida tare da rasit. In esin naka ne ka kafa da izini, ranar tashi ka sa mai gyara ya fara mayar da gas ɗin cikin na waje ya kulle kafin ya kwance bututu, sannan a toshe ramin bango da siminti kafin ka miƙa makulli.